A Bar wa Tsuntsaye Bencin Glenna

Lorne Petryk,
Gida mai lamba 418, Titin Teasel,
Port Ellery, British Columbia.
22 ga Janairu, 2024.

Zuwa ga:
Madam Corinne Vasseur,
Daraktar Sashen Lambuna da Gaɓar Teku,
Hukumar Birnin Port Ellery.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: SHIRIN JERA TSINKAYEN ƘARFE A KAN BENCIN TUNAWA DA MARIGAYIYA GLENNA PETRYK, A BAKIN KOGIN TAMSEN, DA ROƘON A DAKATAR DA SHI

Ina gaishe ki cikin girmamawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya, kuma ta same ki ke da kanki, ba wanda aka ajiye don amsa irinta ba. Ba da raini na faɗi haka ba. Ni ma irin mutumin da ake ajiyewa ne. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina zaune a sashen ƙorafi na wani kamfanin sayar da firji da injin wanki, ina rubuta wa jama'a cewa mun karɓi saƙonsu kuma mun ɗauke shi da muhimmanci. Wannan ne karo na farko da na zauna a ɗaya gefen teburin, kuma na lura hannu ba ya gudu a nan kamar yadda yake gudu a can.

Ni ne mijin marigayiyar da aka ambata a sama, kuma ni na nemi a kafa bencin. A ranar 9 ga Janairu ofishinki ya aiko mini da sanarwa cewa ranar Litinin, 12 ga Fabrairu, za a wanke bencin da injin feshin ruwa, sannan a jera masa tsinkayen ƙarfe a majingina da hannuwa domin hana tsuntsaye sauka a kansa. Sanarwar har haƙuri ta ba ni kan halin da bencin ya shiga. Roƙona a taƙaice shi ne kada a yi. A yau bencin nan shi kaɗai ne busasshen wurin da ya rage wa tsuntsayen bakin kogin idan teku ta cika, kuma yadda aka yi ya zama haka shi ne ƙorafina. Da izininki zan jero shi daki-daki.

1. Matata ta yi shekara ashirin da shida tana kallon tsuntsaye daga kan jingar da ta tare teku a bakin Kogin Tamsen, can inda motar bas ke juyawa ta koma gari. Ni kuma na yi shekarun nan ina biye da ita, ɗauke da madubinta na hangen nesa mai ƙafa uku, da filas, da biredi da ƙwai. Ya kamata in bayyana tun yanzu cewa ni ba masanin tsuntsaye ba ne. Na san zalɓe saboda dogo ne. Na san mikiya saboda kowa yana nuna ta da yatsa. Sauran duk a wurina ƴan toka-toka ne masu gudu a laka. Abokan kallonta, waɗanda ke haɗuwa kowace Asabar, Ɗan Dako suke kirana, kuma akwai a cikinsu wanda sai a wurin jana'iza ya fara jin sunana na gaskiya. Ya ce mini bai dace da ni ba.

Abin da dai na koya, don an maimaita mini shi a cikin ruwan sama har ya shiga, shi ne wannan. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Afrilu, dubban ƴan tsuntsayen nan da ake kira danlin, waɗanda ɗayansu bai cika tafin hannu ba, suna kiwo a laka muddin ruwa ya janye. Idan teku ta dawo tana koro su, sai sun sami busasshen wuri sun tsaya sun jira ta, a kan ƙafa ɗaya, baki a cikin fiffike. Wurinsu shi ne ɗan harshen tsakuwar nan da ya fita daga jinga ya kutsa cikin ruwa, wanda muke kira Wutsiya, inda kogi ya daɗe yana tara gumagumai da ya kwaso daga tudu. Na yarda tarin ba shi da kyan gani. Amma mutum ba ya iya hawansa, kare ba ya iya ratsa shi, ruwa kuma bai taɓa shanye shi duka ba. Glenna takan tsaya a kan jinga, rana a bayanta, tana kallonsu suna sauka har itacen ya ɓace a ƙarƙashinsu. Ni kuwa ina gefe ina tunanin ko na kulle mota.

2. Ta rasu a watan Fabrairun bara, bayan jinyar da ba ta ja ba. Maƙwabta suka yi ta kawo kwanukan taliya da cuku kamar yadda aka saba, har yanzu akwai uku a ɗakin girki da ban gane masu su ba. Sai mutane suka fara tambayata me zan yi don tunawa da ita, na kuma fahimci ana sa ran a yi wani abu. Na sha ganin bencina masu ɗan allon tagulla a lambunan gari, na ce to, benci. Ba dogon tunani na yi ba. A watannin nan ba na jin na yi tunani a kan komai. Hatta takalmi, wanda ke kusa da ƙofa nake sawa. Na miƙa buƙatata a watan Afrilu, na biya abin da aka ce a biya, kuma kuɗi ba su cikin zancen wannan takarda. Abin da na roƙa shi ne a kafa bencin a kan jinga, daidai inda take tsayawa.

3. A ƙarshen Yuli ofishinki ya rubuto mini cewa doka ba ta yarda a huda jinga ko da ƙusa ɗaya ba, tunda ita ke tsare unguwannin baya daga teku. Ban yi gardama ba, gidana yana cikin unguwannin. Takardar ta ce an zaɓi “wuri mafi kusa da wanda aka nema”. Na ɗauka an gusa hagu ko dama ne kaɗan. Ba a ambaci Wutsiya ba, ba a ambaci gumagumai ba.

Sai daga baya jami'in ayyukanku, Mista Trent Halvorsen, ya shaida mini ta waya cewa shi da kansa ya je ya duba wurin ranar Talata, 11 ga Yuli, da tsakar rana, kuma bai ga tsuntsu ko ɗaya ba. Na gaskata shi ɗari bisa ɗari. A Yuli tsuntsayen suna can arewa mai nisa suna kwanci. A wannan tsakar ranar kuma teku ta janye har sai an ƙanƙance ido kafin a hango ta. Abin da ya tarar shi ne laka, da wari, da tarin ruɓaɓɓen itace yana tare wa mutane kallon duwatsu. Ina so a rubuta cewa Mista Halvorsen mutum ne mai ladabi, bai taɓa kashe mini waya ba, kuma ya yi aikinsa a lokacin aiki. Matsalar ita ce teku ba ta san lokacin aiki ba, kuma babu wanda ya sa ta a cikin masu karɓar sanarwa.

4. A watan Satumba aka kawo motar kwasa aka share Wutsiya tas. Aka zuba hanyar tsakuwa mai faɗin da keken jarirai zai bi, aka yi dandamalin siminti a can ƙarshe, aka ɗora bencin a kai. Ni ban sani ba, domin a lokacin rani ƴan Asabar kan koma tafkunan tudu, ni kuma inda suka nufa nan nake kai madubin.

Ranar Asabar, 14 ga Oktoba, aka yi ɗan bikin buɗewa. Dole in faɗi gaskiya, bencin yana da kyau. Katako ne mai kauri, an goge shi har yana ɗaukar ido. A allon tagullar an rubuta: “Glenna Petryk, wadda ta iya jira.” Ba ni na zaɓi kalmomin ba, ni da shekarar haihuwa da ta rasuwa kawai zan sa. Madam Ardith Sorensen ce ta zaɓa, tsohuwar ungozoma mai shekara tamanin da ɗaya, babbar ƴan Asabar kuma aminiyar matata. Tana zuwa ranar, riƙe da kek ɗin ayaba a cikin tawul, ta tsaya a kan jinga ta daɗe tana kallo. Zan kawo maganarta yadda ta faɗe ta, domin ta shafi batun.

Ta ce, “Ɗan Dako, ina itacen?”

Na ce ban sani ba.

Ta ce, “Sayarwa ka yi?”

Na ce ban sayar ba.

Ta ce, “Shekara ashirin da shida kana ɗauke da madubin nan a kafaɗa, ba ka taɓa leƙawa ka ga me yake kallo ba.” Sannan ta yanka kek ɗin ta miƙo mini yanki na farko, ta ce, “Ci. Na san ba kai ka kwashe ba. Kai ko kujera ba ka iya matsarwa sai an nuna maka inda za ta.”

Mista Halvorsen ya yi ɗan jawabi mai daɗi, ya ce an buɗe wa marigayiya kallon da take ƙauna. Aka tafa a hankali. Mutum goma sha wani abu muka tsaya muka kewaye bencin, hannuwa a aljihu, babu wanda ya zauna. Ya ɗauka kunya ce. Ya ce mini, “Mista Petryk, kai ya kamata ka fara.” Na ce bayana yana ciwo. Ban zauna ranar ba, kuma har yau ban taɓa zama a kansa ba.

5. Tsuntsayen sun dawo a ƙarshen Oktoba, a kan lokacinsu. Ina wurin Asabar ɗin farko. Teku ta fara cikowa, suka taso daga laka a dunƙule suka nufi Wutsiya kamar yadda iyayensu da kakanninsu suka saba. Suka tarar da wani bawan Allah a kan benci, kofi a hannu, karensa yana haƙa tsakuwa. Suka kewaya sau ɗaya, sau biyu, suka juya suka nufi tsakiyar ruwa.

Tun daga ranar, ranki ya daɗe, duk cikar teku a sama suke yin ta. Suna ta shawagi a kan ruwa, su miƙe su lanƙwashe, garken ya yi fari fat idan sun juyo ciki, ya yi duhu idan sun juya baya, haka har ruwa ya fara janyewa. Abin yana da ban sha'awa ƙwarai, kuma ya jawo mana baƙi. Mutane na zuwa daga cikin gari su zauna a bencin matata su ɗaga waya. Wata budurwa ta ce wa Ardith ba ta taɓa ganin rawa mai kyau irin wannan ba. Ardith ta ce mata, “Ƴar nan, ba rawa suke ba. Wurin zama suka rasa, kin zauna a kai.” Budurwar ta miƙe ta duba ƙarƙashinta.

Yadda aka bayyana mini, ɗan kitsen da tsuntsu ya tara daga laka shi ne bargonsa na sanyi, kuma shi yake ƙonewa a wannan shawagin. Wanda ya gaji yakan rage baya, shaho kuma yana zaune a kan turken lantarki yana jiran mai rage baya. A watan Nuwamba na ga ya ɗauki ɗaya a gabana. Ƴan gashin suka daɗe suna saukowa. Na tsaya ina jiran in ji wani abu a ƙirjina, tunda da alama wurin ji ne. Abin da ya zo mini shi ne ban fitar da shara ba, ga shi Asabar ce.

Na kira ofishinku sau biyu a watan, na kuma aika saƙo. Amsar da na samu ta ce an karɓi saƙona kuma an ɗauke shi da muhimmanci. Ban ji haushi ba. A gaskiya na yaba da tsarin jimlolin, har na lura an sa sunana a sakin layi na farko da na ƙarshe, wanda mu ma haka muke koya wa sababbin ma'aikata. Mista Halvorsen dai ya gaya mini cewa gumaguman suna jibge a bayan ma'ajiyar kayan aikinku, kuma a watan Maris za a markaɗe su a injin su zama ɓarɓashin da ake zubawa a filayen wasan yara.

6. Ranar Asabar, 16 ga Disamba, aka yi babbar cika irin ta tsakiyar sanyi, ga iska daga kudu tana tura ruwan, ga ruwan sama a kwance. Mu huɗu kacal muka fito. Ya kamata in bayyana cewa tun rasuwar Glenna ban fasa kai madubin kowace Asabar ba. Nakan kafa shi a inda take tsayawa, in tsaya a gefensa, idan an tashi in naɗe shi. Babu mai leƙawa, kowa yana da nasa. Ban san me ya sa nake yi ba, sai dai ban san me ake yi da safiyar Asabar ba idan ba wannan ba. Ƙafafunsa suna nan a tsayin da ta ɗaure su. Na fi ta tsawo da kai guda, ban kuma taɓa su ba.

A safiyar nan ruwa ya hau ya shanye sabuwar hanyar tsakuwa gaba ɗaya, ya shanye dandamalin siminti sai ɗan gefe. Bencin ya rage shi kaɗai a tsakiyar ruwa, ba mutum, ba kare. Garken yana can yana ta shawagi a cikin iska. Sai wani yanki ya ɓalle daga cikinsa ya yi ƙasa.

Ardith ta ajiye nata madubin, ta zo ta juya na Glenna, ta daidaita shi, ta ce, “Zo nan, Ɗan Dako. Duƙa.”

Na ce ba na gane komai a ciki.

Ta ce, “Wannan ko kai za ka gane.”

Na duƙa. Sun cika mazaunin bencin kafaɗa da kafaɗa, sun jeru a kan majingina, sun jeru a hannuwa biyu, waɗansu a ɗan gefen simintin ruwa na taɓa musu ƙafa. Masu zuwa daga baya suna sauka a kan na farko, ana ɗan ture-ture, sai kowa ya sami gurbi ya yi shiru. Ɗaya ya tsaya daidai saman allon tagulla, ya ɗage ƙafa, ya cusa baki a fiffike, ya rufe ido. Ban san tsuntsu yana rufe ido daga ƙasa ba. Ba duka suka samu ba, ba ma kusa ba. Benci ɗaya ne, su kuma dubbai. Amma waɗanda suka samu sun yi barci.

Ardith ta ce, “Ka ga, ƙarshenta dai ka yi abin kirki, ko da ba da niyya ba.” Can kuma ta ce, “Da Glenna na nan da ta yi dariya har ta faɗa ruwa.” Sai ta shiga neman wani abu a aljihun rigar ruwanta, ta daɗe ba ta same shi ba. Ni kuma na ci gaba da duƙawa har teku ta fara janyewa. Washegari ciwon bayan da na yi wa Mista Halvorsen ƙaryarsa ya zo da gaske, na kwana biyu ban je aiki ba.

Tun daga ranar suka gane wurin. Duk cikar da ba kowa a kai, suna sauka. Kuma, ranki ya daɗe, tsuntsu idan ya zauna yakan bar shaida. Bencin ya yi fari. Da ya yi fari mutane suka rage zama, da suka rage zama tsuntsaye suka ƙaru, da suka ƙaru ya ƙara fari. Zuwa tsakiyar Janairu masu kare ma a kan jinga suke tsayawa su yamutsa fuska su wuce. A taƙaice, kashin tsuntsaye ya karɓi aikin da gumagumai ke yi a da, kuma bai nemi izinin kowa ba.

7. Yanzu na zo kan sanarwarku ta 9 ga Janairu. Na fahimci wani mai ziyara ne ya shigar da ƙorafi cewa ya ɓata wandonsa. Ba ni da abin cewa a kansa, yana da gaskiya, kuma na jinjina masa, tunda nasa ƙorafin ya sami amsa cikin mako biyu. Sanarwar ta ce, bisa yarjejeniyar da na sa wa hannu, wajibi ne hukuma ta kula da bencin tsawon shekara goma “cikin yanayin da ya dace da martabar marigayiya”.

Ina roƙon a ba ni dama in yi bayani kan martabar marigayiya, tunda na zauna da ita shekara talatin. Akwai shekarar da waɗansu ƴan tsuntsaye suka yi sheƙa a saman ƙofar garejinmu. Ta hana a rufe ƙofar, ta hana a shigar da mota, tun daga Mayu har ƴaƴan suka tashi. Motar ta yi rani a waje, kekena ya yi ƙafa, ƙasan garejin kuma ya koma irin bencin nan sak. Da na ɗauko tsintsiya ta ce in ajiye, wai za su tsorata. Wannan ita ce matar da ake shirin kare martabarta da tsinkayen ƙarfe.

Na kuma lura an sa aikin da ƙarfe ɗaya na rana. Na tambayi Ardith, ta duba, ta ce a lokacin ruwa zai kasance a janye. Ma'aikatanku za su zo su tarar da benci mai datti da laka shimfiɗe har gaban ido, babu tsuntsu ko ɗaya a kusa. Za su koma su rubuta hakan, kuma a karo na biyu zai zama gaskiya ne suka rubuta.

Bisa ga abubuwan da na zayyana, ina roƙon ofishinki mai daraja da ya duba waɗannan buƙatu:

(a) A soke aikin ranar 12 ga Fabrairu, wanki da tsinkaye duka. A matsayina na wanda ya sa hannu, na yafe wa hukuma wannan alkawari, kuma a shirye nake in rubuta hakan a kowace irin takarda aka ga dama, kwafi nawa ake so.

(b) A dakatar da markaɗe gumaguman, a mayar da su Wutsiya kafin Maris. Ba sai an tsara su ba. A juye su kawai yadda suka faɗi. Kogi ma haka ya yi, kuma ba a taɓa kai ƙararsa ba.

(c) A rufe hanyar tsakuwar daga Oktoba zuwa Afrilu. Igiya ɗaya da ɗan allo sun isa. Mutanen garin nan suna bin igiya.

(d) Shi kuma bencin, a bar shi inda yake, gumagumai su kewaye shi, iska da gishiri su yi masa abin da suke yi wa itace. Idan doka ta ce duk abin da ake kira benci sai mutum ya iya zama a kansa, to a sauya masa suna a rajistarku. A rubuta shi gungume. Ba na jin mai sunan da ke jikinsa za ta damu.

(e) Kafin a yanke hukunci, ina gayyatar ki da ki zo da kanki ranar Asabar, 10 ga Fabrairu, da sassafe, lokacin da teku za ta cika. Na san ba ranar aiki ba ce. Abin da nake ƙoƙarin faɗa ke nan tun daga farkon takardar.

Ya dace kuma in sanar da ke, don kada a ce na yi ba-zata, cewa idan aka ƙi duk wannan, ranar 12 ga Fabrairu zan ɗauki hutu daga aiki in je in zauna a kan bencin kafin ma'aikata su iso. Ardith ce ta kawo shawarar, ta ce ba a iya kafa tsinke a inda mutum yake zaune. Na san kaina. Idan suka ce in tashi cikin ladabi, mai yiwuwa in tashi, har in riƙe musu tsani. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Idan na ƙi tashi, zan kai har cikar yamma ina zaune, tsuntsayen su taso daga laka su nufo wurin, su tarar da mutum a kai, su kewaya sau biyu su koma tsakiyar ruwa. Mutumin kuma ni ne. Ina roƙon kada a kai ni ga haka.

Idan kin amsa gayyatar, motar bas tana tsayawa a gindin jinga, ki sa takalmin ruwa da riga mai kauri. Ba sai kin zo da komai ba. Ni zan ɗauko madubin, ɗaukar kaya ita ce abin da na iya. An shaida mini ke ba doguwa ba ce sosai, saboda haka ina jin zai yi miki daidai ba sai an taɓa ƙafafunsa ba. Filas ɗin kuma kofi biyu gare shi, ɗayan yanzu babu mai sha da shi.

Ina jiran amsarki cikin ladabi. Idan irin wadda na saba rubutawa ce, ba sai an wahalar da kowa ba, na haddace ta.

Naki cikin girmamawa da biyayya,

Lorne Petryk
(mijin marigayiya, wanda ake kira Ɗan Dako)

Kwafi zuwa ga:
Mista Trent Halvorsen, Jami'in Ayyuka.
Madam Ardith Sorensen, wadda ta karanta takardar ta ce ta yi tsawo.